Fentin Da Ya Ƙi Rufa Asiri

Ni mai aski ne, kuma kun san bakin mai aski ba ya hutawa sai almakashinsa ya huta. Yau labarin maƙwabcina mai fenti zan ba ku, wanda duk layinmu ke kira Shafi-Uku. In kun gan shi kada ku ce ni na faɗa, ko da yake ba wani sirri ba ne, tunda mutum sama da ɗari suka gani da idonsu a jikin bango.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Kowane irin kuskure ya tafka a wurin aiki, ya rubuta harafi a juye ko ya ɗiga ja a kan fari, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bar shi, shafi na uku zai rufe." Shekara talatin yana rufewa. Allon shagona kaɗai, in ka kankare shi za ka tarar da sunan shagon sau huɗu, kowanne da irin nasa kuskuren.

To sai aka buɗe shagon buga alluna da inji a bakin titi. Ka kai musu magana da safe, da la'asar ka karɓi allonka, harafi ko ɗaya bai karkace ba. Mutane suka koma can. Shafi-Uku ya koma zaman benci a ƙofar gidansa, wadda ke kallon shagona, yana wanke burushin da bai taɓa fenti ba tun wata biyu. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bakin nan bai ragu ba ko kaɗan.

Ana haka cibiyar koyon sana'a da ke ƙarshen layinmu ta buɗe ajin zane a kwamfutar hannu, duk ranar Asabar da safe. Aka ce zanen da ya yi fice za a zana shi ƙato a bangon cibiyar mai kallon babban titi, da sunan mai shi a ƙasa. Shafi-Uku na ji ya faɗo shagona ko sallama babu, ina tsakiyar yi wa Tela aski.

"Aski, an gama! Bangon nan nawa ne. Duk motar da ta wuce sai ta karanta sunana. Masu injin nan su fara tattara kayansu."

Na ce, "Ka taɓa riƙe kwamfutar hannu kuwa?"

"Na taɓa riƙe bene mai hawa huɗu da burushi ɗaya. Abin da bai kai faranti ba ne zai gagare ni?"

Tela ya ce, "Benen da aka sake kiran wani ya gyara?"

"Gyaran hassada ne. Rufe bakinka kada gashi ya shiga."

Ni ma na yi rajista, don ina so in zana hoton salon aski in manna a shago. Ranar farko muka tafi tare. Kowa ya zo hannu rabbana, shi kuwa ya zo da rigar aikinsa mai ɗigon fenti, da bokiti, da burushi uku, da tsumma a kafaɗa. Malamar ajin, wata matashiya mai tabarau da sanyin magana, ta dube shi ta dubi bokitin.

"Baba, ba za a buƙaci ruwa ba."

"'Yata, ba a fara aiki babu ruwa. Ke dai yi naki."

Ta raba mana aron kwamfutoci, kowa da alƙalaminsa da takardar bayani guda. Ta ce aikinmu na mako biyu shi ne mu zana abin da ido bai taɓa gani ba. Sannan ta ce akwai abu uku da za mu riƙe.

"Na farko, zanen nan falle-falle ake yin sa, kamar ka jera takardu shara-shara, kowace da abin da ke kanta. Kana iya ɗage ɗaya ba ka taɓa sauran ba."

Shafi-Uku ya juyo gare ni, ya ce da ƙarfi, "Shafi take nufi. Mu muka ƙirƙiro shi."

"Na biyu, in ka yi kuskure, ga madannin komawa baya."

"Ni ban taɓa komawa baya ba a aiki. Gaba ake yi, a rufe."

"Na uku," in ji Malama, "kwamfutar tana ajiye duk layin da kuka ja, daga na farko har na ƙarshe. Ranar baje koli zan haska wa jama'a yadda kowane zane ya taso."

Wannan na ukun bai shiga kunnensa ba, don a lokacin ya kama wata baiwar Allah a gefensa yana koya mata yadda ake haɗa fenti ruwan toka. Da muka fito na ce, "Mutumina, ka ji abin da Malama ta ce na ƙarshe?"

"Aski, in ina son jin yadda ake kwashe ƙeya zan neme ka."

To ni ma ina da zuciya. Na ja bakina na tsuke. Takardar bayanin kuwa ya naɗe burushinsa da ita.

Kafin azahar duk layi ya ji shirin. Zai zana layinmu kacokan a bayan wani ƙaton kifi mai yawo a sararin sama, da shaguna da gidaje da mutanensu. Tela zai fito yana ɗinka gajimare. Bakanike zai fito yana ɗaure wa rana noti. Mai Kemis, matar da ko yaro mai kuka ya gan ta sai ya yi shiru, za ta fito tana raba wa taurari magani. Ni kuma, wai zan yi wa wata aski. Kowa ya ji daɗi, har Bakanike ya ce zai wanke fuska ranar ɗaukar kamanni.

Abu na farko da ya yi shi ne ya zagaye gefen kwamfutar da salatif, kamar yadda yake yi wa taga, don kada launi ya zubo waje. Salatif ɗin ya rufe madannin kunnawa. Ya yi awa guda yana girgiza ta yana zagin kamfanin da ya ƙera, sai da matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta zo wucewa da zanin gadon da take yi wa ado da allura, ta sa farce ta ɓare salatif ɗin ta wuce.

Ya ce, "Dama yanzu nake shirin ɓarewa."

Ya shafa shuɗi daga sama har ƙasa. Daga nan ya ɗauki kwamfutar da hannu biyu, a hankali kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika, ya ɗora ta a kan katangar gidansa inda rana ta fi ƙwallewa.

Na leƙo na ce, "Me kake yi haka?"

"Shanya. Ana ɗora shafi na biyu a kan ɗanye ne?"

"Ai wannan ba ya jiƙa."

"Duk fenti yana jiƙa. Wanda bai san aiki ba ne ke gaggawa."

Maman 'Yan Biyu ta ce daga soro, "Baban 'Yan Biyu, takardar da aka ba ku ta ce kada a bar ta a rana."

"Ke kin san fenti ne? Ji da allurarki."

Bayan awa biyu ya je ɗauka, ya saki ƙara ya yarfe hannu. Kwamfutar ta yi zafi kamar dutsen guga, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ta ƙi motsi. Ya naɗe ta da tsumma ya ruga kemis, ni ma na bar kan mutum rabi na bi shi.

"Taimaka mini da firijinki, minti goma kacal!"

Mai Kemis ta ce, "Firijin nan na allura ne, ba na shirme ba."

"Zazzaɓi gare ta! Taɓa ki ji!"

"To kawo in yi mata allura."

"Haba, ke da za ki fito kina raba wa taurari magani? In ta mutu, da ke ta mutu."

Wannan ya sa ta buɗe firijin tana tsaki. Da aka fito da ita ta farfaɗo, amma raɓa ta lulluɓe gilashin. Shafi-Uku ya shafa da yatsa ya nuna mini danshin, yana murmushin wanda ya ci shari'a.

"Wa ya ce ba ya jiƙa?"

Ya mayar da ita kan katanga. Haka aka yi ta yi kullum: rana, firiji, rana, firiji, har Mai Kemis ta rantse in ya sake zuwa shi za ta saka a ciki.

Kifin ya ɗauke shi kwana uku. Abin da bai sani ba, tun ranar farko yatsunsa biyu sun buɗa fuskar zanen sun kusanto ta har ƙarshe, duk aikin a wani ɗan lungu yake yin sa. Ranar da ya gama ya tara mu a shagona. Gaskiya akwai kifi, ko da yake ya fi kama da takalmin da aka taka. Na sa yatsu biyu na matse fuskar don in ga sauran zanen. Nan take kifin ya tsuke, ya tsuke, ya koma kamar sauro a tsakiyar shuɗin fili.

"Ka kashe mini kifi!"

"Ban kashe ba, girmansa ke nan."

Bakanike ya kanne ido ɗaya ya matso. "A bayan wannan za mu zauna? Ko notina ɗaya ba zai ɗauka ba."

Tela ya ce, "Ni dai a bar ni a ƙasa, na yafe."

"Jahilci!" in ji Shafi-Uku. "Daga nesa ake hango shi. Ku kun taɓa ganin kifin sama a kusa?" Ya fizge kwamfutar, ya zaɓi burushi mafi faɗi, ya rufe kifin da shafi ɗaya. "Shi ke nan. Kamar ba a yi ba."

Sai ranar ɗaukar kamanni. Tela ya zo da rigarsa mai aiki, ya rataya awo a wuya, ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujera har awa guda. Da aka nuna masa sakamakon, ya juya kwamfutar sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan buta ce?"

"Kai ne."

"Ina kaina?"

"Ga shi nan."

"Wannan ai marfi ne."

Bakanike ya wanke fuska kamar yadda ya yi alkawari, har ba mu gane shi ba sai da ya yi magana. Shi kuma ya fito kamar buhun da aka jingine. Mai Kemis ta ba da minti biyar, ta duba, ta ce ta ga irin wannan a hoton ciwon hanta. Ni da aka zo kaina, na ce masa gaskiya tsakani da Allah, in wannan ne ni, to uwata ba za ta karɓe ni ba.

Muka watse muna dariya. Daga shago ina hango shi a benci, ya haɗe rai, yana caccakar gilashin da alƙalami da sauri-sauri. Can sai na ga kafaɗunsa na rawa, yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai har da share hawaye. Sannan ya waiga hagu da dama, ya yi wani faffaɗan shafi daga sama zuwa ƙasa, sau uku. Haka ya yi kwana huɗu a jere. Na ɗauka aikin ne ya fara kyau.

Saura kwana biyu, ya ɗora kwamfutar a katanga ya tafi aron tsani, wai yana so ya auna bangon cibiyar tun yanzu don kada a ɓata lokaci bayan an ba shi. Na ga Maman 'Yan Biyu ta fito ta ɗauke ta daga rana ta shiga da ita soro. Na ce a raina, madalla, an samu mai hankali a gidan. Ya daɗe bai dawo ba, don tsanin ya maƙale masa a ƙofar cibiyar sai da maigadi ya taimaka. Da ya dawo na ji muryarsa har shago.

"Wa ya taɓa mini aiki? Wa ya yi mini wannan ƙazantar a kai?"

"Ka duba dai tukuna, Baban 'Yan Biyu."

"In duba me? Mai sana'a ba ya duba wasan yara."

Na ga hannunsa ya tafi sama ya dawo ƙasa a kan gilashin kwamfutar, sau uku. Ita kuwa ta ɗauki allurarta ta ci gaba da aikinta.

Ranar baje koli zauren cibiyar ya cika maƙil, kuma rabin mutanen shi ya gayyato su. Har masu injin buga alluna ya aika wa, wai su zo su ga abin da zai rufe musu shago, kuma sun zo. Ya sa farar riga, ya zauna a layin gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Maman 'Yan Biyu tana can baya cikin mata.

Malama ta haɗa majigi ta fara haskawa a bango. Wata ta zana bishiya mai 'ya'yan fitila. Wani ya zana jirgin ruwa a cikin kofi. Nawa almakasai ne masu fukafukai suna sauka a kan matsefi, an ɗan tafa, na gode. Malama ta bar nuna yadda zanukan suka taso sai ƙarshe, don haka Shafi-Uku bai ga komai da zai tayar masa da hankali ba. Duk wanda aka nuna sai ya ce, "Ba laifi, ga mai koyo."

Aka zo kansa. Bango ya yi toka. Toka daga sama, toka daga ƙasa, ko ɗigo babu. Wani ya ce majigin ya lalace, maigadi ya tashi zai duba waya.

"Zauna!" in ji Shafi-Uku. Ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Sunan wannan aiki Birni a Cikin Gajimare. Kifin yana ciki. Layinmu yana ciki. Kowa yana ciki. An ce mu zana abin da ido bai taɓa gani ba. To wa ya ga wani abu a nan?"

Jama'a suka dubi juna.

"Kun gani? Ni kaɗai na amsa tambayar."

Wallahi har wasu sun fara gyaɗa kai. Bakanike ya ce shi kamar yana hango wutsiya a gefen hagu. Malama ta gyara tabarau ta ce, "Madalla, Baba. Tunda naka ne a bango, bari mu fara da shi, jama'a su ga yadda ya taso."

"Ya taso ina?"

"Daga layin farko. Kwamfutar ta ajiye komai."

"Ai na rufe."

"Ta ajiye har rufewar."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na dubi silin.

Bango ya yi shuɗi. Sai ga ɗan sauron kifi ya fito a lungu, aka yi dariya, shafi ya rufe shi. Ga buta mai awo a wuya, ga buhu a jingine, ga ciwon hanta, duk da sauri kamar ana kora su. Shafi-Uku ya ce, "Gwaji ne, gwaji ne, kowane gwani yana yi. 'Yata, ya isa haka."

Bai isa ba. Sai ga wasu layuka masu kaifi sun fara fitowa, ba kame-kame, ba gyara. Dogayen ƙafafu sirara, ƙaramin kai, awo a wuya, ƙafa ɗaya a kan kujera. Fara ce, irin mai cin gona, amma duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san wannan farar.

Zauren ya fashe. Tela ya miƙe tsaye. "Ni ne fara? Ni?"

Wata daga baya ta ce, "Wallahi har ƙwaurin!"

Shafi ya rufe fara, sai ga ƙaton kwaɗo zaune cikin baƙin mai, da sifana a hannu, yana hamma. Bakanike da ke dariyar Tela har yana dukan cinya, dariyar ta tsaya masa a wuya. Kafin ya samu abin faɗa, ga mujiya ta fito a kan firiji, ta zare ido, ta ɗaga allura kamar mashi. Mai Kemis ta dai buɗe jakarta ta rufe, kuma duk wanda ke kusa da ita ya matsa.

Ni ina ta dariya har cikina ya ƙulle, ina cewa Allah ya ƙara. Sai ga ƙaho. Sai ga gemu da matsefi a soke. Sai ga baki a wangame, maganganu na zubowa daga ciki kamar famfon da ya lalace, ga wani bawan Allah a kujera da rabin aski ya toshe kunnuwa. Bunsuru ne, jama'a, kuma ni ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, matata ce ta fara ganewa, ta nuna da yatsa tana cewa, "Ga Baban yara! Ga Baban yara!"

Shafi-Uku ya ruga ya tsaya a gaban bangon ya baje hannuwa don ya tare. Hoton ya koma kan farar rigarsa. A kan cikinsa aka zana na ƙarshe: aku mai tabarau, ta ɗaga fiffike tana lissafa abu uku.

Malama ta dubi akun ta dubi mai ɗauke da ita. "Baba, ka ga wannan? Duk ajin nan babu wanda ya fitar da kamanni haka. Ashe sai ranka ya ɓaci hannunka ke faɗin gaskiya."

"Ba ni ba ne! Zafin rana ne ya narkar da launin!"

Tela ya ce, "Rana ce ta san ina da awo?"

Ana cikin hayaniya, Bakanike na naɗe hannun riga, sai wata mata ta ce, "Ku tsaya, ku duba!"

Bangon ya koma fari, wasu layuka dabam suka fara tafiya, sirara, a natse, kamar zare a bayan allura. Kifi ya fito, na gaske, ya cika bangon, kowane ɓawo na jikinsa da irin adonsa. A bayansa ga layinmu: ga shagona da karkataccen allonsa, ga keken Tela yana ɗinka gajimare, ga igiyar shanya an ɗaure ta daga tagar kemis zuwa tauraro. Shafi-Uku ya ja gefe a hankali yana kallo baki buɗe. A kan kifin, can ƙarshe, aka zana tsani dogo, a samansa wani mutum da riga mai ɗigon fenti da tsumma a kafaɗa, ya miƙa burushi yana shafa wa sama shuɗi. Ba a yi masa ƙaho ba, ba a yi masa wutsiya ba. An yi shi da kyau, har ya fi shi kyau.

Daga nan wata 'yar fulawa mai ganye biyar ta fito a kusurwar ƙasa. Mata suka ɗauki sowa, don babu gidan da ba shi da zanin gado mai wannan fulawar a kusurwa.

"Maman 'Yan Biyu ce!"

Ba su rufe baki ba, sai ga toka ta sauko daga sama. Shafi ɗaya, kifi ya tafi. Shafi biyu, layinmu ya tafi. Shafi uku, mutumin da ke kan tsani ya tafi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kaina, da bunsuruna da komai, sai da na ji tausayi ya kama ni, kuma ba shi na tausaya wa ba.

Mai Kemis ce ta yi magana. "Ko dubawa ba ka yi ba?"

Shafi-Uku ya lallaɓa ya koma kujerarsa ya zauna.

Malama ta ce, "Mama, zo gaba mana. Kin taɓa koyon wannan?"

"A'a. Takardar da ya naɗe burushi da ita na karanta." Ta iso tana gyara mayafi. "Malama, zanen yana nan, bai ɓata ba. Da na gama sai na shimfiɗa masa wani falle a sama na bar masa."

"Kin san zai shafe?"

"Shekara ashirin da shida muna tare."

Malama ta taɓa wuri ɗaya. Tokar ta ɗage gaba ɗaya kamar an yaye labule, kifin ya dawo da layinmu a bayansa. Tafin da aka yi har maigadi ya leƙa waje ya ga ko ruwa ne ya sauko.

Shafi-Uku ya farfaɗo. "To ai kwamfutar da sunana aka ba da ita! Kuma a gidana aka yi! Kuma ni na shanya!"

Malama ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Naka ma yana nan." Ta nuna ɗan fallen toka a gefe. "In kana so a zana shi a bangon baya, dama launinsa ke nan."

Aka ba Maman 'Yan Biyu bangon, ba wanda ya ɗaga murya. Sai aka zo maganar wanda zai hau tsani ya fitar da zanen. Masu injin suka ce su ba sa hawa bango. Malama ta ce mai zane ce za ta zaɓa. Tela ya ce a ɗauko kowa ban da wannan, Bakanike ya ce shi zai yi kyauta da fentin mota. Maman 'Yan Biyu ta dubi mijinta, wanda ya sunkuyar da kai yana murza bakin farar rigarsa.

"Shi zai yi. Hannunsa ba ya rawa a tsani. Kunnensa ne dai ba ya aiki, kuma zan tsaya a ƙasa."

Yau kwana tara ke nan ana aikin. Ni har yanzu yaran makaranta in sun wuce shagona sai su yi kukan bunsuru, na kuma aske gemun, abin bai hana ba. Jiya na rufe shago na je kallo. Yana can sama da bokiti, tana ƙasa a kujera cikin inuwa da kwamfutar a cinya. Wata mota ta rage gudu, direban ya leƙo yana yaba kifin.

Shafi-Uku ya ƙwala masa daga sama, "Ni na gano ta! Shekara ashirin da shida ina horar da ita a ɓoye!"

"Baban 'Yan Biyu," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba, "idon kifin ya karkace."

"Bar shi, shafi na uku zai..."

"Goge."

"Ai in ya bushe..."

"Goge, ka koma baya."

Ya dube ni, na dubi sama. Ya zaro tsumman daga kafaɗa ya goge.